Littattafan Soyayya na Birnin Kano: Mu Ƙona Ko Mu Karanta?

Ganuwar birnin Kano tsohuwa ce ƙwarai. Masana tarihi sun ce Sarki Gijimasu ne ya soma gina ta wajen shekara 900 da suka wuce. Sarki Muhammadu Rumfa kuma, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi a cikinta. An yi ganuwar domin tsaron gari, aka yi mata ƙofofi domin fatake su shiga su fita. Ta waɗannan ƙofofi gishiri da kanwa da goro suka shiga, baƙin rini da jar fata suka fita. A zamaninmu kuwa wata irin haja dabam ta fito ta Ƙofar Mata da Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Wambai, ta bazu zuwa Katsina da Zariya da Sakkwato, har ta haye iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram. Wannan haja ita ce ƙananan littattafan nan da ake kira littattafan soyayya.

Yawancinmu masu bi da ke Kano ba cikin ganuwa muke zaune ba. Majami'unmu suna Sabon Gari da sauran unguwannin waje, da ƙauyukan karkara. Amma Hausa ɗaya muke ji da mutanen birni, kasuwa ɗaya muke ci. 'Yarmu da ke sakandare tana zama benci ɗaya da 'yar Yakasai ko 'yar Mandawari, littafi kuwa yakan tashi daga wannan jaka ya faɗa waccan ba tare da sanin malami ba. Saboda haka tambayar nan ta iso ƙofar gidanmu kamar yadda ta iso ƙofar maƙwabtanmu: me za mu yi da littafin da muka tarar ƙarƙashin matashin kan yaronmu? Mu dai da muka yi renon 'ya'ya a Kano, yanzu kuma muna kallon jikoki suna tasowa, muna so mu faɗi abin da muka gani.

Inda suka fito

Ƙagaggen labari a rubutun boko ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. A 1933 wani Bature mai suna Rupert East ya shirya gasar rubutu, daga baya aka buga littattafan a Zariya. Daga nan muka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya karanta Shaihu Umar zai tuna labarin tasowar yaro ne, wanda aka sace tun yana ƙarami, ya girma a hannun baƙi nesa da gida, uwarsa tana bin sawunsa, har ya zama babban malami. Ashe tun farko abin da ke jan hankalin mai karatu shi ne ya ga yadda yaro ke zama mutum.

A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, mace ta fari da aka buga wa irin wannan littafi da Hausa. Labarin yarinya ne 'yar Fulani da ta dage a kan wanda take so, ko da yake ba ɗan ƙabilarta ba ne. Daga nan ƙofa ta buɗe. Abu uku suka taru suka sa littattafan suka yi yawa. Na fari, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika gari da samari da 'yan mata masu iya karanta Hausa. Na biyu, a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Jihar Kano, matan aure da yawa suka koyi karatu da rubutu. Na uku, matsin tattalin arziki na tsakiyar shekarun 1980 ya sa manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, a kan takarda mai araha. Shi ya sa akan raba labari ɗaya kashi biyu ko uku, gama da cinikin na ɗaya ake buga na biyu.

Waɗansu marubutan Kano suka haɗa kai cikin ƙungiyar Raina Kama. A cikinsu akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa, da Balaraba Ramat Yakubu. A shekarun 1990 sai ka ga littattafan shimfiɗe a teburan kasuwa da tashoshin mota, da zanen saurayi da budurwa a bango. Wanda ba shi da kuɗin saye yakan karɓi haya, ko ya ari na ƙawa. Gidajen rediyo suka riƙa karanta su, matan da ke cikin kulle suna saurara suna aikin gida. Wani masani, Ibrahim Malumfashi, ya laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, ya kuwa soke su. Wani masanin, Abdalla Uba Adamu, ya kāre su. An daɗe ana wannan gardama a jaridu.

Abin da ke cikinsu

Mutane da yawa da ke zagin littattafan nan ba su taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba. Bari mu ɗauki uku da suka yi suna.

Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990. Labarin Abu ne, yarinyar ƙauye mai son karatu, wadda mahaifinta ya cire ta daga makaranta tana 'yar shekara 13. Saurayin da aka yi mata alkawari da shi, ɗan'uwanta ne, da ya yi ilimi sai ya guje ta, wai jahila ce. Sai aka ɗaura mata aure da wani dattijo, Sarkin Noma, wanda ya isa ya haife ta. Ta sha wuya, ta gudu birni wurin 'yar'uwar iyayenta, ta shiga makarantar manya, ta yi ta ƙoƙari har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Marubuciyar ta san abin da take faɗi, gama ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da ƙananan shekaru, ko da yake ƙanwar Janar Murtala Muhammed ce.

Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma nata ne, na shekarar 1990. A nan mun ga Rabi, uwar 'ya'ya tara, wadda mijinta ɗan kasuwa ya kore ta da yaranta saboda sabuwar amarya. Ta yi ta sayar da abinci tana ciyar da su, tana biyan kuɗin makaranta, 'yarta Saudatu tana tasowa tana kallon wahalar uwarta. A 2012 aka buga fassarar littafin da Turanci a ƙasar Indiya.

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito a 1991, ya kuwa sami karɓuwa ƙwarai. Sumayya 'yar masu kuɗi ce, tana son Muhammad ɗan talakawa, amma gidansu suna so su ba da ita ga wani attajiri. Da abin ya ishe ta, sai ta faɗa rijiya.

Mai karatu, duba da kyau. An ce littattafan soyayya ne, amma ƙarƙashin soyayyar akwai waɗansu tambayoyi masu nauyi. Za a bar ni in gama makaranta? Za a tambaye ni kafin a karɓi kuɗin aurena? Talaka mai hali ya fi, ko mai kuɗi marar hali? Idan miji ya juya mini baya, ina zan nufa? Kowace yarinya mai shekara 14 ko 15 tana ɗauke da waɗannan tambayoyi a zuciyarta, ko 'yar cikin birni ce ko 'yar fasto. A al'adarmu ta Hausa kuwa kunya ba ta barin ɗiya ta zauna gaban mahaifinta ta yi irin wannan magana. 'Yar fari ma uwarta ba ta ko kiran sunanta. To, abin da baki ya kasa furtawa, shi ne marubutan nan suka sa a takarda. Shi ya sa yara suka rungume su.

Abin da ya faru a gidanmu

Wata shekara, babbar 'yarmu tana aji uku na sakandare, muka tarar da Wa Zai Auri Jahila? cikin akwatinta, an naɗe shi da takardar jarida. Muka shawarta tsakaninmu, muka ce kada a yi mata magana tukuna sai mun ga abin da ke ciki. Dare uku muna karantawa da fitila bayan yara sun yi barci, ɗaya na karatu, ɗaya na saurara. A dare na huɗu, bayan addu'ar iyali, muka sallami ƙannenta, muka ajiye littafin a kan tabarma. Jikinta ya soma rawa, tana tsammani dūka ne zai biyo. Muka ce mata mun karanta, muna so mu ji abin da ta gani game da Abu.

Ta daɗe tana wasa da bakin zanenta, sa'an nan ta ce, ba ta ɗaga kai ba, "Baba, da Kawu ya zo daga gida ran nan, na ji yana cewa karatuna ya isa, wai akwai mai nema. Za ku yarda?" Ashe wata biyu ke nan tana kwana da wannan tsoro. Mu mun riga mun ba kawun nata amsa tun ranar, mun ce sai ta gama karatu, sai kuma da yardarta. Amma maganar manya ce, an yi ta a zaure, ita kuwa farkonta kaɗai ta ji. A daren nan muka faɗa mata da bakinmu cewa ba wanda zai cire ta daga makaranta muddin muna da rai, ba kuwa za a karɓi ko goro ɗaya a kanta ba sai ta ce ta yarda. Ta yi kuka, uwarta ta riƙe ta, muka yi addu'a tare.

Da mun yayyage littafin nan, da mun yayyage hanyar da ta kawo mana wannan magana. Tun daga ranar, duk littafin da ya shigo gidan a fili yake shigowa.

Inda ya kamata mu yi hankali

Kada wani ya ce mun wanke littattafan nan duka. Ba dukan abin da ke cikin kasuwa ke shiga tukunya ba. Da yawa daga cikinsu suna koya wa yaro cewa alamar miji nagari ita ce babbar mota da gidan bene da akwatunan lefe. Yarinyar da ta sha irin wannan karatu, in ɗan mai bishara ya zo a kan keke, da wuya ta dube shi. Waɗansu suna nuna so kamar ciwo ne da ke kama mutum da kallo ɗaya, ba shi da magani sai aure. Waɗansu kuma suna sa yarinya ta ga kamar in an hana ta wanda take so, sai ta hallaka kanta. Wannan babban haɗari ne, dole mu faɗa wa 'ya'yanmu a fili cewa rai na Allah ne, ba kuwa wata damuwa da ta fi ƙarfin a kawo ta gaban iyaye da gaban Ubangiji.

Akwai wani abu kuma. Marubutan nan Musulmi ne, suna rubuta wa gidajen Musulmi, daidai ne kuwa su nuna aure yadda yake a wurinsu, da kishiya, da saki, da idda, da kome. Ba mu ga laifinsu a kan wannan ba. Amma ɗan masu bi da ya karanta littafi talatin, ya ga kowane rikici ana warware shi da ƙarin mata ko da takardar saki, wa zai gaya masa cewa namu ba haka yake ba? Ubangijinmu Yesu ya koyar a cikin Matiyu sura 19 cewa aure na mutum ɗaya ne da mace ɗaya, Allah ne ya gama su. Manzo Bulus kuma ya gargaɗi Korantiyawa a kan zaɓen abokin zama. Idan yaro bai ji wannan a gida ba, a bakin iyayen da yake ganin zamansu, labarin da ya karanta shi zai zama malaminsa.

Yau ma abin ya sāke kama. Teburan littattafai sun ragu, labaran sun koma cikin wayar hannu. Ana tura su ta WhatsApp, ana sa su a Wattpad, ana karanta su da murya a YouTube. Dā mai littafi yakan sa sunansa da hotonsa a bango, yana jin kunyar unguwarsu. Yanzu mutum yana iya ɓoye sunansa ya rubuta batsa, ba mai dubawa. Duk da haka akwai marubutan kirki da yawa. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ya soma gasar Hikayata domin mata marubuta, an kuwa ji labarai masu ma'ana daga cikinta. Tsaba da ƙaiƙayi a masussuka ɗaya suke, sai an sheƙe.

Wuta ba ta amsa tambaya

An gwada hanyar wuta a Kano. A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jiha. A 2007 gwamnan wancan lokaci, Malam Ibrahim Shekarau, ya halarci ƙona waɗansu littattafan a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Takardu sun ƙone, amma rubutu bai tsaya ba, karatu ma bai tsaya ba. Ba da daɗewa ba ya koma cikin waya, inda ashana ba ta kai.

Wani ɗan'uwa zai ce, ai a Afisa ma an ƙone littattafai. Gaskiya ne, yana cikin Ayyukan Manzanni sura 19. Amma mu lura, littattafan sihiri ne, masu su ne kuwa suka kawo su da hannunsu bayan sun ba da gaskiya. Zuciya ce ta fara juyawa, wuta ta biyo baya. Uban da ya ƙwace littafin 'yarsa ya jefa a murhu, ya bar tambayarta tana nan daram, ya kuma koya mata ta ƙara iya ɓoyo. Mun ga yara da kansu sun ajiye wani littafi sun ce, "Mama, wannan ba shi da kyau," bayan an saba tattaunawa da su. Wannan ya fi toka amfani.

Mu ma muna da labaran tasowa

Littafi Mai Tsarki, wanda muke da shi cikakke da Hausa tun 1932, cike yake da labaran samari da 'yan mata. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi. Ya yi bauta a baƙuwar ƙasa, matar maigidansa ta neme shi ya ƙi, aka yi masa ƙazafi, ya shiga kurkuku, bai tsaya gaban Fir'auna ba sai yana da shekara 30. Wane marubuci ne ya tsara labarin da ya fi wannan? Ga Rut, gwauruwa matashiya, baƙuwa, tana kala a gonar Bo'aza domin ta ciyar da surukarta. Ga Yakubu da ya yi kiwo shekara bakwai saboda Rahila. Ga ɗan nan da ya karɓi gādonsa ya tafi ya lalatar, yunwa ta koro shi gida, ya tarar mahaifinsa na jiransa. A cikin Farawa sura 24 kuma, sa'ad da aka zo neman auren Rifkatu, danginta sun kira ta sun tambaye ta ko za ta tafi. Iyaye maza, mu riƙe wannan. Auren dole ba ya rasa samuwa a ƙauyukanmu na masu bi, musamman inda bashi ko yunwa ta matsa.

Sau da yawa muna karanta wa yara waɗannan labarai da sauri kamar darasin jarrabawa, aya biyu a yi amin. Marubutan birni sun fi mu sanin cewa yaro yana so ya zauna cikin labari, ya ji tsoron da Yusufu ya ji a cikin rijiya, ya ji kunyar da Rut ta ji a gonar mutane. Bari mu koyi wannan daga wurinsu.

Akwai kuma wani abin tunawa. Cikin littattafan farko da aka buga a Zariya akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista daga Wusasa, ya rubuta tare da Rupert East. Labarin saurayi ne da mai kuɗi ya ƙwace masa budurwa, ya tafi neman ramuwa, muguntar ta sauka a kan yaron da ba shi da laifi. Watau ɗaya daga cikin labaran soyayya na fari a rubutun Hausa, hannun mai bi yana ciki. To, ina magādansa? Muna da malaman makaranta, da 'yan Zumuntar Mata, da matasa masu baiwar magana. Yarinyar da ta tashi a gidan masu bi a karkarar Kano, tana tafiya makarantar Lahadi, tana fama da kuɗin makaranta, ana zolayarta saboda sunanta, da wuya ta ga kanta cikin wani littafi. Wa zai rubuta mata?

Abin da muke roƙon iyaye

Idan kun ga littafi a hannun yaro, ko kun ji yana sauraron labari a waya, ku tambayi sunansa da fara'a. Ku karanta, ko ku sa a karanta muku. Sa'an nan ku zauna ku tambaye shi: wa ya burge ka a ciki? Wa ya yi daidai? Da kai ne, me za ka yi? Me Maganar Allah ta ce a kan wannan? Yaro yakan iya faɗin damuwarsa da sunan Abu ko Sumayya, alhali ba zai iya faɗinta da sunan kansa ba. Wanda yake na batsa, ku hana, ku kuma faɗi dalili. Uwa ta ja 'yarta a jiki, uba ya ja ɗansa, gama samari ma suna karantawa, ko da yake sukan yi musu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake yi, a hankali, don kada ya karye.

Timoti ya san Littattafai tun yana ɗan yaro domin kakarsa da uwarsa sun zauna da shi. Ubangiji ya ba mu irin wannan haƙuri, ya buɗe kunnuwanmu ga 'ya'yanmu, ya tsare ƙuruciyarsu, ya kuma ta da marubuta daga cikin ikkilisiyarsa. Amin.